Wasiƙar Uwar Zubairu

An ce wai a zamanin da Turawa suka fara kafa mulki a bakin teku, tun ba su yi tunanin hawa Arewa ba, akwai wani garin ciniki da fatake ke kira Tashar Manja. Jiragen ruwa sukan zo su sauke gishiri da yadi da ƙarfe, su ɗebi manja da ƙwara su koma. A bayan garin, inda yashi ya ƙare jar ƙasa ta fara, nan Hausawa suka kafa zangonsu, da masallacinsu, da sarkinsu, da alƙalinsu. Alƙalin wani dattijo ne mai suna Malam Hashimu, mutum mai jinkirin magana, wanda ba a taɓa ganin ya yanke hukunci a tsaye ba.

A zangon nan akwai wata mace ana ce mata Marka, mutuniyar Zazzau. Mijinta Cindo falken goro ne, shi ya kawo ta kurmi tana da ƙuruciya, ya rasu ya bar ta da ɗa guda tilo, Zubairu. Zaɓen goro ne sana'arta. Fatake su kwance mata huhu a tsakar gida, ta ware fari da ja, ta fitar da mai tsutsa, ta yayyafa ruwa, ta sake ɗaurewa da sabon ganye. Da wannan aiki ta ciyar da yaron har ya zama saurayi. A ranta kuwa ta riga ta gama tsara masa rayuwa: zai bi abokan ubansa fatauci, ya yi jari, ya yi aure, wata rana ya ɗauke ta ya mai da ita garinsu ta mutu a cikin dangi.

Ana nan sai Turawa suka yi shela suna neman samarin Hausawa su shiga soja, don ana yaƙi a wata ƙasa can gaba a bakin teku, tafiyar kwana tara a jirgi. Zubairu ya gaji da dakon goron wasu, ya je ya ba da sunansa bai yi shawara da uwarsa ba. A bakin mutane ta ji. Ranar tafiya ya shigo gida da jar hular soja, ya cire ta, ya durƙusa a gabanta don sallama. Marka ba ta ɗaga kai daga kan goron ba. Ta ce masa:

"In ka taka jirgin nan, ka nemi wata uwar. Ni ban haifa ba. Kada kuma sunana ya ƙara fita daga bakinka."

Babu wanda ya ji maganar nan sai shi. Ya daɗe a durƙushe yana jiran ta janye, ita kuwa tana jiran ya ce ya fasa. Da aka busa ƙaho daga bakin ruwa sai ya miƙe ya fita. Ta ci gaba da zaɓen goronta, tana da yaƙinin zai juyo kafin ya kai ƙofar zango. Bai juyo ba.

A cikin jirgin nan har da wani Zubairun, ɗan wata mai kitso Bakatsiniya mai suna Tabawa. Sa'annin juna ne, makarantar allo ɗaya suka yi. A zango da sunan iyayensu mata ake bambance su, a ce Zubairun Marka ko Zubairun Tabawa, amma a littafin Turawa dukansu biyu Zubairu Hausa aka rubuta.

A wannan shekara ce kuma aka buɗe gidan wasiƙa a Tashar Manja, abin da muke kira gidan waya yanzu. Da can mai son aika takarda sai ya damƙa wa madugu ko wani ma'aikacin jirgi da ya sani, ta isa ko kada ta isa. Sai Baturen da ke mulkin garin ya ce duk takardar da za ta shiga jirgi ko ta sauka, dole ta bi ta wani ɗaki guda kusa da gidan kwastan. Ya sa wani akawu mutumin Saliyo mai suna Jona, ya ba shi ma'auni da hatimi da dokoki. Kowace wasiƙa sisi ne. In mai aikowa bai biya ba, mai karɓa zai biya ninki, wato sule guda. Ba a karɓar kuɗin wuri, sai azurfa. Ba a ba kowa wasiƙa sai wanda sunansa ke kai, in kuma ta yi kwana arba'in ba a karɓa ba, a ƙone ta. Jona ba mugu ba ne, yana ma jin Hausa gwargwado, amma yana tsoron maigidansa, ya kuma riƙe dokokin nan kamar da su aka haife shi.

Ba a yi wata guda da tafiyar jirgin ba nadama ta kama Marka. Fushin ya huce, maganar ta zauna. Tana cikin aiki sai ta ji kalmomin sun dawo mata da muryarta, hannunta ya tsaya a kan goro. Ta je wurin wani malami ya rubuta mata 'yar gajeriyar takarda, cewa ta janye abin da ta faɗa, ta yafe, ya dawo gida ko da bai kawo komai ba. Ta tara kuɗin wuri na aikin mako uku ta kai wa masu canji, suka ba ta sisi guda. Ta je tagar gidan wasiƙa ta miƙa. Jona ya juya takardar, ya tambaye ta wane gari za a kai. Ta ce inda sojoji suke. Ya ce mata a bakin tekun nan barikin soja bakwai ne, kuma sojan da ke nan yau, gobe an tura shi daji. Jirgi gari yake zuwa, ba mutum yake nema ba. Ta roƙe shi ya karɓa, ko a dace da wanda ya san yaron. Ya ce in ya karɓa cutarta zai yi, don takardar za ta yi kwana arba'in a wani ɗaki irin nasa, a ƙone ta. Marka ta koma gida da takardarta da sisinta. Ta ajiye takardar a cikin adudu har laimar teku ta jiƙa tawadar, rubutun ya narke.

Bayan kamar wata takwas wasiƙun sojoji suka fara zuwa. Babu ko ɗaya da aka biya, don an ce ana riƙe musu albashi sai sun dawo. Wasu iyaye suka sayar da abin da suke da shi suka karɓa, suka ji 'ya'yansu na lafiya. Amma a cikin wasiƙun akwai uku da aka zagaye bakinsu da baƙin layi, kuma duk ukun da aka buɗe labarin mutuwa ne. Daga nan mutanen zango suka gane alamar, suka fara tsoron tagar Jona. Wani tsoho da tasa ta zo daga baya da baƙin layi ya ce shi ba zai ba da sule guda ya sayo wa kansa makoki ba, ya bari aka ƙone ta. Ga kuma rikicin suna. Wasiƙa ta zo an rubuta Audu, Zango, a zangon kuwa Audu ya fi goma, kowa na tsoron ya biya ta zama ta wani. Takardu suka taru a ɗakin, Bature yana faɗa da Jona, Jona yana faɗa da duk wanda ya leƙo.

Wata goma sha huɗu da tafiyar yaran, jirgi ya zo ranar wata Laraba. Da la'asar wani falke ya biyo ta gidan Marka ya ce mata akawu na cigiyar uwar Zubairu. Ta bar goro a zube ta fita. A bakin tagar ta tarar da Tabawa, ita ma an faɗa mata, ko hannu ba ta wanke ba daga man kitso. Jona ya ɗaga wasiƙar ya nuna musu. An naɗe ta, an liƙe da jan kaki, an zagaye bakinta da baƙin layi. Ya karanta abin da ke bayanta: Uwar Zubairu, Zango. Babu wani abu bayan haka. Ya tambaya wace ce a cikinsu.

Tabawa ta ja da baya ta ce ba tata ba ce. Marka ta tsaya tana kallon baƙin layin. Jona ya ce shi bai san abin da ke ciki ba, doka ta hana shi buɗewa. Wadda ta yarda tata ce ta ajiye sule ta ɗauka. Ya jira, babu wadda ta motsa, ya mai da takardar cikin akwati. Matan suka koma zango. Hanya ɗaya ce, amma ɗaya ta bi wannan gefe, ɗaya ta bi wancan.

Da ma Marka da Tabawa ba wasu aminai ba ne, amma sukan gaisa, Tabawa ce ma ke yi mata kitson salla. Daga ranar nan gaisuwa ta yanke. Ba gaba suke yi ba, kallon juna ne ba sa iyawa. Abin da ya fi damun Marka shi ne addu'a. In ta idar da salla ta ɗaga hannu za ta ce Allah ya sa ɗanta na raye, sai ta tuna wasiƙa ɗaya ce, gawa ɗaya ce, Zubairu kuwa biyu ne. Roƙon rai ga nata roƙon mutuwa ne ga na Tabawa. Sai ta sauke hannun. Ga kuma abin da ta ɓoye wa kowa: a ƙasan zuciyarta ta riga ta yanke cewa nata ne, kuma bakinta ne ya bi shi har can ya kama shi.

Ta nemi sisi na biyu ta haɗa da na farko, ta ƙulle a gefen zane. Kullum da hantsi sai ta je ta tsaya a gindin wata bishiyar kwakwa da ke fuskantar tagar, ta taɓa ƙullin, ta kasa ƙarasawa. Sau da yawa takan hango Tabawa a inuwar gidan kwastan, ita ma a tsaye. Goro ya fara lalacewa a hannun Marka, fatake suka kwashe huhunansu suka kai wa wata. Abinci ya daina wuce mata. Muddin takardar na cikin akwatin Jona, ɗanta bai mutu ba, bai kuma rayu ba, ita ma haka take.

Ranar kwana na talatin da takwas Jona ya leƙo ta taga ya ce wa Marka jibi za a ƙone. Daga nan ba gida ta nufa ba, zauren Malam Hashimu ta je. Ta durƙusa ta ce ba ƙara ta kawo ba, tambaya ce: in suka bari aka ƙone takardar, suna da zunubi? Alƙali ya ce a cikin takardar nan akwai mamaci da ke jiran addu'ar uwarsa, ba kuwa za a bar shi ya yi ta jira ba don rayayyu suna jin tsoro. Ya aika wa Jona cewa ya zo da wasiƙar gobe, ya yi masa alkawarin ba zai tashi daga zauren ba sai an san mai ita, an kuma biya shi.

Washegari zauren ya cika. Sarkin zango na nan, liman na nan, matan biyu suna zaune a bakin ƙofa da tazara a tsakaninsu. Jona ya tunatar da alƙali cewa ba a buɗe wasiƙa sai a hannun mai suna. Malam Hashimu ya ce an rubuta uwar Zubairu, ga uwar Zubairu nan har biyu, ba a taɓa cika wannan doka kamar yau ba. Ya sa kowacce ta ɗora hannu a kan takardar, sannan liman ya karya kakin. Da ajami aka rubuta, da hannun wani malamin bariki. Liman ya karanta:

"Daga Zubairu zuwa ga mahaifiyar takwarana Zubairu. Gaisuwa da ta'aziyya. Bayan haka, ina sanar da ke ɗanki ya rasu ranar Litinin, sha biyu ga watan Rajab. Zazzaɓin daji ne, ba harsashi ba. Kwana shida ya yi a kwance, ni na yi jinyarsa, ni na yi masa wanka, mu goma sha ɗaya muka yi masa salla. Ya cika da kalmar shahada. Abin da ya ce a gaya miki shi ne ki yafe masa. Allah ya ba ki haƙuri. Ina gai da Sarkin Zango, da Alƙali, da Liman, da Malam Sambo da ya koya mana karatu, da Barau wanzami, da mai kwale-kwalen da ya kai mu jirgi, da dukan jama'ar masallaci. Wassalam."

An buɗe takarda, amma an dawo inda aka fara: mai aikowa Zubairu, mamaci Zubairu. Jona ya dafe kai.

Marka kuwa abu ɗaya ta ji a cikin karatun nan, shi ne ki yafe masa. Ta matso da gwiwoyinta ta ce:

"Allah ya gafarta malam, a daina wahala, nawa ne. Ni ce muka rabu ba daɗi. Ranar da zai tafi na ce masa ban haife shi ba, na ce kada sunana ya ƙara fita daga bakinsa. Wata goma sha biyar ke nan ban gaya wa kowa ba. Ya mutu yana neman gafarata, alhali ni ya kamata in nemi tasa."

Ta kwance ƙullin zanenta ta tura sisi biyu gaban Jona. Matan da ke waje suka fara salati. Tabawa ta kifa goshinta a ƙasa tana hamdala a hankali, tana kuka, tana jin kunyar hamdalar. Sarkin zango ya ce to magana ta ƙare, a yi fatiha. Jona ya miƙa hannu zai ɗauki kuɗin.

Malam Hashimu ya ce a dakata. Ya sa liman ya sake karanta wasiƙar tun daga farko, a hankali, da aka zo kan gaisuwa yana bin sunayen da yatsunsa. Sannan ya juya wurin Tabawa ya tambaye ta yadda suka rabu da nata ɗan. Ta ce lafiya lau. Ta ce sai da ya cika mata randa da ruwa kafin ya fita, ta raka shi har bakin teku, ta sa masa albarka, ya ce mata duk wanda ya ga zai zo Tashar Manja sai ya ba shi saƙon gaisuwarta. Tana faɗa tana murmushi cikin hawaye. Alƙali ya sunkuyar da kai ya daɗe. Waɗanda suka san shi sun ce ba su taɓa ganin hukunci ya yi masa nauyi kamar na ranar ba. Da ya ɗago sai ya ce:

"Kun saurari abin da aka rubuta, ni kuwa ina sauraron abin da aka bari. Neman yafewa ba shaida ba ce, don babu ɗan kirki da zai ga mutuwa bai ce uwarsa ta yafe masa ba, ko da bai taɓa saɓa mata ba. Amma ku dubi mai rai. Ya san takardarsa zangon nan za ta zo. Ya tuna sarki, ya tuna liman, ya tuna wanzami, ya tuna mai kwale-kwale, takarda ba ta ƙare masa ba. Uwarsa tana cikin zangon nan, bai gaishe ta ba. Yaron da ya cika wa uwarsa randa ba zai gai da wanzami ya manta da ita ba. Ba mai yin haka sai wanda aka ce masa kada sunan uwarsa ya ƙara fita daga bakinsa, ya kuma bi umarni. Allah ne masanin gaibu, amma a abin da ya bayyana gare ni, Marka, ɗanki ne ya aiko da takardar nan. Tabawa, ki yi haƙuri, ta'aziyyar taki ce."

Tabawa ba ta yi ihu ba. Ta kalli alƙali, ta kalli takardar, ta ce da murya ƙasa-ƙasa gaskiya ne, a cikin takardar nan ɗa guda ne ya aika wa uwarsa magana, ta kuwa san halin nata. Sannan jikinta ya saki, mata suka tare ta.

Marka ta zauna kamar an dasa ta. An ce mata ɗanta na raye, ta nemi farin ciki a ranta ba ta same shi ba. Abin da ta gani shi ne yaron a zaune gaban malamin bariki yana jero sunayen mutanen garinsu ɗaya bayan ɗaya, ya zo kan nata ya haɗiye.

Jona ya yi gyaran murya ya ce, ba don rashin tausayi ba, amma a doka Tabawa ce mai wasiƙa, ita ke da biya. Alƙali ya ce masa:

"Jirgi bai ɗauko takardar nan don Tabawa ta nema ba, ya ɗauko ta ne don Zubairu ya aiko. Ko a kasuwa wanda ya ɗora wa ɗan dako kaya shi ke biyansa. Ba a gabana za a karɓi kuɗi a hannun uwa ranar da aka gaya mata ɗanta ya mutu ba. Ɗan Marka ne ya aiko, gidansu ne zai biya."

Ya dubi Marka ya ce in ta yarda ɗanta ne, ta biya masa. Ta sake tura kuɗin nan gaban akawu. Wannan ne abu na farko da ta yi masa a matsayin uwa tun ranar da ya fita.

Kafin a watse alƙali ya ce Jona ya duba hatimin da ke bayan takardar, ko ya nuna garin da ta fito. Jona ya karanta sunan garin. Bayan kwana uku, da aka tashi daga zaman makokin Tabawa, Malam Hashimu ya ɗauki sarkin zango da Jona suka je wurin Bature. Ya ce masa abin da zai warware rikicin nan kaɗan ne. Mai aikowa ya biya tun a inda ya aiko, sojoji kuwa a cire musu daga albashin da ake riƙe musu. Kada a karɓi takardar da ba a rubuta sunan mutum da garinsu na asali da gidan da yake ba. Wasiƙun zango a zuba su a jaka guda, a kawo ƙofar masallaci ranar da jirgi ya zo, liman ya kira sunaye. Wadda ba a sami mai ita ba kuwa a mai da ita ga wanda ya aiko, kada a ƙone. Bature ya yarda, ba don tausayi ba, sai don ya ga takardar da aka ƙone ba ta kawo masa ko kwabo.

Takardar Marka ce ta farko da ta shiga jakar zango. An rubuta mata sabuwa, an sa sunan gari, ta biya, ta tsaya har sai da ta ga Jona ya buga hatimi. Daga nan ta koma wurin Tabawa. Ita ke yi mata girki, ita ke ɗebo mata ruwa, daga baya ma ta kwaso kayanta ta dawo gidan. Ba su taɓa yin zancen yaran ba. Tabawa ta karɓi hukunci da bakinta, amma a zuciyarta akwai wani ɗan kokwanto da ta kasa kashewa, cewa alƙali mutum ne, yana iya kuskure. Marka ta san da haka, ba ta kuma ga laifinta ba. Duk ranar da jirgi ya zo sai su tafi ƙofar masallaci tare, su zauna kafaɗa da kafaɗa, suna jiran amsa guda, kowacce ta san abin da zai raya ɗaya shi zai ƙarasa ɗayar.

Jirgi ya zo ya tafi har sau bakwai. Liman ya kira sunan kowa, bai kira nasu ba. Jona ya ce tun da ba a dawo da takardar ba, to ko ta isa, ko tana bin sojojin a daji. Marka ta ɗauka ta isa, ta ce ɗanta ya karanta ya yi shiru, kuma yana da gaskiya. Da damina ta kama tari ya kwantar da ita. Ta aika wa alƙali cewa in wani abu ya zo da sunanta a ba Tabawa. Ranar wata Asabar da safe ta rasu, Tabawa ce ta yi mata wanka.

Kwana goma sha ɗaya da binne ta aka kawo jaka ƙofar masallaci. Liman ya ɗauko wata takarda ya karanta bayanta: Marka 'yar Zazzau, matar marigayi Cindo falke, Zango, an biya. Tabawa ta miƙe ta ce a karanta mata. Ga abin da ke ciki:

"Inna, takardarki ta yi wata biyar tana bina a daji kafin ta same ni. Ban yi fushi ba ko rana ɗaya. Kin hana ni kiran sunanki, na ji tsoron in saɓa miki sau biyu. Yanzu da kika ba ni izini, ina gaishe ki, ina gaishe ki, ina gaishe ki. An sallame mu, ina tafe a jirgi mai zuwa."

Mutane suka juya suna kallon Malam Hashimu, don hukuncinsa ya tabbata. Shi kuwa ya tashi ya shiga masallaci. Tabawa ta karɓi takardar ta naɗe, ta koma gida ita kaɗai.

Ranar da jirgin ya zo, Zubairu ba shi da sauran dangi a Tashar Manja da za su tarye shi. Tabawa ce ta yafa mayafinta ta gangara bakin teku. Ta tsaya a cikin yashi tana kallon kwale-kwalen da ke ɗauko fasinja, tana jiran mutumin da ya binne ɗanta, don ta nuna masa inda ta binne uwarsa.

Abin lura a nan, maganar fushi ba ta jiran jirgi, ba a biya mata ko wuri guda, nan take take isa inda aka jefa ta. Maganar janyewa kuwa sai an nemi marubuci, an san gari, an biya, an yi jira, kuma sau da yawa amsarta kan tarar da mai jiran ya riga ya tafi. Don haka mutum ya auna abin da zai faɗa wa wanda ya zo yi masa sallama.